Shafin da Tabita Ta Ƙi Bugawa

Shekara goma sha ɗaya muna shago ɗaya da Tabita a Samaru, ita tana buga wa ɗalibai takardu a kwamfuta, ni ina kan injin fotokwafi. Ga saurin hannu, ga taurin kai. Abin taƙamarta shi ne ba ta karanta abin da take bugawa: ido ya ɗauka, yatsa ya ajiye, babu ruwanta. Da wannan aikin take riƙe da tsohuwarta a Hanwa.

A daminar 2004 wani dattijo, Baba Mordecai, ya fara kawo mata littafin da ya rubuta da hannu, babi ɗaya duk Talata. Labarin wani ƙauye ne da mutanensa ke rikiɗa su zama kuraye, aka kashe ɗaya daga cikinsu, ana neman wanda ya kashe. Ni dai dariya nake masa a bayan ido.

A babi na huɗu hannun Tabita ya tsaya cak. A labarin an tsinci gawar kurar a gonar dawa, da farata shida a ƙafar hagu. Ranar ta gaya mini ubanta, Cindo, yatsu shida gare shi a hannun hagu, kuma a gonar dawa aka tsince shi tana 'yar shekara bakwai. Har ta girma ba wanda ya faɗa mata wanda ya kashe shi. Ta tambayi dattijon daga wane gari yake, ya ce ita dai ta buga.

Babin ƙarshe shafi ɗaya ne. Ta karanta, ta ninke, ta kashe kwamfuta da rana tsaka, ta ce in raka ta gida. A hanya ta ce a labarin matar mamacin ce ta kashe shi da taɓarya, don ya fara koya wa 'yarsu rikiɗa.

Muka tarar da tsohuwa a tsakar gida tana tsintar wake. Ko ɗago kai ba ta yi ba.

"Mordecai ya kawo na ƙarshen?" in ji ta.

Tabita ta ce ya kawo.

"To zauna, akwai abin da shi ma bai sani ba. Makara na yi. Kin riga kin iya."