Wayar Inna

Ranar da ƙanena ya samu aikin gyaran inji a jirgin ruwan dakon kaya, har waina Inna ta raba wa maƙwabta. A ganinmu ya tsira. Gonarmu ta bakin daji ta riga ta gagare mu saboda 'yan bindiga, hanyar Kaduna kuwa ba a hawanta sai an yafi juna.

Wata safiya wani abokin aikinsa ya kira ni. Ya ce jirginsu ya bi ta wani teku da ake yaƙi a gaɓarsa, aka harbe shi, ya nutse. An tsamo wasu da rai. Ƙanena ba ya cikinsu, ba a kuma ga gawarsa ba.

Da na gaya wa Inna, ko hawaye ba ta yi ba. Cewa ta yi, "To, a sa mini wayata a caji."

Sai daga baya na gane nufinta. A Birnin Gwari, in aka ce mutum ya ɓata, an san inda yake. Yana daji, kuma waɗanda suka ɗauke shi za su kira. Abin da Inna ta sani ke nan, shi ta zauna jira. Ta ƙulle wayar a bakin zaninta, ko alwala za ta yi sai ta ɗora ta a kan turmi inda za ta ji.

Kawu ya zo da liman, suka ce a yi wa yaron sallar da ake yi wa mamacin da ba a samu gawarsa ba. Inna ta ce, "Malam, wa ya mutu? Kun gani?" Suka tashi jiki a sanyaye.

Ni kuwa tsoro ya hana ni sakat. Duk lokacin da wayar nan ta yi ƙara, sai in matso in ji wa ya kira, don na san 'yan damfara ba su da imani, Inna kuma ko ɗakinta aka ce ta sayar za ta sayar. Ran nan haƙurina ya ƙare, na ɗaga mata murya.

"Inna, teku fa ba daji ba ne. Ruwa ne zalla, ba kowa a ciki."

"Ke kin taɓa ganinsa?"

Ban taɓa ba.

Ana cikin haka ɗan maƙwabtanmu ya fito daga daji, bayan an gama zaman makokinsa tuni. Inna ta je barka, ta dawo da saurinta, ko mayafi ba ta cire ba ta kama hannuna.

"Uwarsa ta ce wani dattijo aka aika ya shiga tsakani. Ke da kika yi boko, ki tambayo mini, a can tekun wa ake aikawa?"

Na ce mata zan tambaya. Har yau ba a yi wa ƙanena salla ba.