Sunan da Hannuna Ya Faɗa

Ni ba mai tauna magana ba ce. Duk wanda ya taɓa sayen soyayyen kifi a hannuna a bakin tabkin Madarumfa ya san haka. Na yi cacar baki da masunta, na yi da direbobin manyan motocin kamyo, na yi da maigidana, Allah ya jiƙansa, kuma ban taɓa komawa ɗaki da ragowar magana a ciki ba. Kalma ɗaya ce tak ba ta taɓa fita daga bakina ba: sunan ɗana na fari.

Haka muka taso muka tarar. Ɗan fari ba a kiran sunansa, ba a yi masa wasa a gaban mutane, ko faɗuwa ya yi sai dai wata ta ɗaga shi. Nawa kuma kunyar biyu ce, don sunan mahaifin mijina ya ci. Ana yaye shi surukata ta ɗauke shi. Katanga ɗaya ce tsakaninmu, ina jin tarinsa ta bayanta, amma ita yake kira Inna, ni kuwa Yaya. In zan yi zancensa sai in ce "wancan", ko "yaron Inna".

Shekarar da aka zo ɗibar yara lakwal, makarantar boko, mutane na ta ɓoye nasu cikin rumbu, shi aka same shi yana kamun fara a bakin hanya. Aka ce ya ɗora hannu bisa kai ya taɓo kunne, ya taɓo, alamar ya isa shiga, aka rubuta shi. Daga nan sai Maradi, sai lise, babbar sakandare. Yakan aiko wa Inna wasiƙa, mushe, wato malamin lakwal, ya zo ya karanta a tsakar gida, ni ina gefe ina gyaran kifi kamar ba na saurare. Can ƙarshe sai in ji, "A gaida Yaya." Kalma uku. Rabona ke nan, kuma a bakin wani nake karɓa.

Wannan ne ya kai ni ajin yaƙi da jahilci da furfurata ta fara fitowa. Bayan la'asar muke zama a gindin tsamiya, mata shida, da allo da alli. Mutane suka ɗauka neman suna nake. Ni dai so nake in ga "a gaida Yaya" da idona. Da na iya haɗa baƙaƙe, abin da na fara rubutawa ni kaɗai shi ne sunan nan. A kan yashin bakin tabki nake zana shi da tsinke, in na ji tafiyar mutum in share da ƙafa.

A shekarun farin nan, da tabki ya ja baya har muna taka inda dā kwalekwale ke wucewa, mijina ya rasu, Inna ta bi shi. Cikin wannan hali yaron ya ci jarrabawar bak ta gama lise. Ya zo gida da wata doguwar ambulan, ya tsuguna daga nesa kamar baƙo.

"Yaya, zan nemi shiga jami'a a Yamai. Na haɗa dosiye, takarda ɗaya ta rage."

"Wace?" na ce, ina kallon kaskon suya.

"Ta haihuwa. Wadda ke cikin akwatin Inna gara ta cinye. Sai an yi sabuwa a Maradi, kuma sai uwa ta je da shaida. Ran Juma'a dosiye ke tafiya. In ta wuce, sai baɗi, in ma da rabo."

Ran Talata muka hau kamyo, ni da shi da tsohon wanzamin da ya yi masa askin suna. Wanzamin nan abokin wasana ne, tun daga gida yake tsokanata.

"Yau za mu ga bakin nan da ya gagari masunta. A gaban gwamnati ko zai buɗe?"

"Ka ji da askarka mai tsatsa, Baba. Kawunan rabin garin nan duk tabonka ne."

A biro, ofishin gwamnati, muka sami sakatare, saurayi mai tabarau, da babban littafi a gabansa. Ya tambayi wanzami, ya ba da shaida tiryan-tiryan: shekarar da aka yi ambaliya, bayan girbin gero. Sannan ya juyo wurina.

"Baba, wannan ɗanki ne?"

Na dubi bango. "Ɗan gidanmu ne."

"Ke kika haife shi?"

"Haka ake cewa."

"Mi ne ne sunansa?"

"Ga shi zaune, ba kurma ba ne. Tambaye shi."

"Daga gare ki doka ke so."

Na buɗe baki. Wallahi na buɗe. Sunan ya ƙi fita. Ga wanzami, ga baƙin maza cike da benci, ga shi kansa yaron ya sunkuyar da kai. Sai na ji ina cewa, "Kai ba Bahaushe ba ne? Uwarka ta taɓa kiran ɗan farinta a kasuwa?"

"Ni ne ɗan farin, Baba," in ji shi, ba tare da fushi ba. "Na san abin. Amma littafi bai san kunya ba. Ku je ku yi shawara." Ya kira na bayanmu.

A hanyar komawa wanzami bai yi tsokana ba, abin da ya fi zagi ciwo. Sai da muka sauka yaron ya ce, "Yaya, kada ki damu kanki. Ana neman masu koyarwa a ƙauyuka. Zan iya zama mushe."

Da a ce ya yi mini rashin kunya da na samu abin kamawa. Amma ya faɗe shi a hankali, irin na wanda bai taɓa sa ran komai daga wurina ba. Shekara ashirin ina bayan katanga, yau rana ɗaya ya zo ƙofata da buƙata, zan mayar da shi hannu wofi.

Laraba ban soya kifi ba. Na tafi can ƙarshen tabki inda ba kowa sai balbelu, na ce bari in gwada faɗa ko sau ɗaya. Ko a nan bai fito ba. Da na duba ƙasa, ashe tsinke na hannuna, na riga na zana shi sau uku ban sani ba.

Ran Alhamis muka koma. Ban jira layi ba.

"Ɗan nan, shekaranjiya ka ce daga gare ni doka ke so. Ta ce lalle daga baki?"

Ya gyara tabarau. "Ba ta ce ba."

"To ba ni bik in rubuta."

"Kin iya?"

"Ba ni ka gani. Kai dai kada ka karanta da ƙarfi."

Ya miƙo farar takarda. Baƙaƙen suka fito manya, wani ya hau, wani ya gangara, kamar awaki a kan tudu. Na rubuta sunan. A ƙarƙashinsa na ƙara kalmar da ba a tambaye ni ba: ɗana.

Sakatare ya duba, ya kwafe cikin littafi, ya buga hatimi. Wanzami ya ce, "Ashe bakin ne ya koma hannu. Masunta sun huta." Sai na ga yaron ya ɗauki farar takardar nan, wadda ba ta cikin dosiye, ya ninke ta huɗu ya sa a aljihun gaba.

An ɗauke shi. Ranar tafiya ban raka shi tasha ba, uwa ba ta raka ɗan fari. Na ba ƙanwarsa ƙullin busasshen kifi da ƙuli-ƙuli ta kai masa, ni na tsaya a bakin tabki ina jin ƙugin kamyo har ya ɓace ta hanyar Maradi.

Daga Yamai karatu ya kai shi gaba, aiki ya kai shi gaba da nan. Yakan zo shekara biyu sau ɗaya, ya tsuguna daga nesa, mu gaisa kamar surukai. Sau da yawa na shirya cewa wannan zuwan zan kira shi, in ga yadda zai waiwayo. Har yau ban gani ba.

Amma wasiƙarsa ta farko daga Yamai, ni aka kawo wa, ba mushe ba. Na shiga ɗaki na sakaya ƙofa, na bi ta da yatsa baƙi-baƙi har rana ta karkata. Ba a ƙarshe ya sa ni ba. A layin farko nake, kuma ba Yaya ya rubuta ba.