Ranar da Kaka Ta Sake Ganin Zara

Bana kakata ta kasa ganin Zara, wannan tauraruwa mai haske da ke fitowa yamma da magariba. Ba ta yarda idonta ne ya yi yana ba, wai tauraruwar ce ta yi yaji. Kullum sai ta sa na juya mata tabarma yamma, ta ƙura ido har ta gaji, ta tashi tana tsaki. Tun tana yarinya a Rumbu, in Zara ta fito ta san lokacin ɗaure maruƙa ya yi.

A lakwal, wato makarantar boko, mushenmu, malamin ajinmu, ya ce ba tauraruwa ba ce. Duniya ce guda, maƙwabciyar tamu, girmansu kusan ɗaya, kuma zafinta na narkar da dalma. Ya ce ta kusa ɓacewa daga yamma, sai an daɗe za ta dawo. Kafin nan wa ya san abin da zai rage na idon Kaka?

Kawuna yana da jumel, madubin hangen nesa da yake neman raƙumansa da shi in sun ɓace. Kafin ya ba ni aro sai da na sha gargaɗin da ya fi huɗubar Juma'a tsawo.

Na ɗora shi kan katanga don kada ya yi rawa, na fara leƙawa. Na samo Zara. Ba ɗigo ba ce. Jinjirin wata ne ƙarami, fari tas, kamar yankan farce, yana rataye shi kaɗai.

"Amarya, taso ki ga tsarabar da na kawo miki."

"Kai tafi can, mijin da ko goro bai taɓa saya ba!"

Amma ta taso. Da ta leƙa, ta fara samo akuyar maƙwabta, ta zage ta. Na ɗaga mata kaɗan, na riƙe gwiwar hannunta.

"Allahu akbar! Wata ya tsaya!"

Nan take ta soma addu'ar ganin wata, ta ƙwala wa innata kira a jiƙa gero, gobe azumi. Sha'aban ko rabi bai wuce ba.

"Kaka, waiwaya. Ga wata can bayanki, cikakke kamar faifai."

Ta waiwaya, ta daɗe tana dubansa. Sai ta koma kan jumel a hankali.

"To wannan fa?"

"Zara ce. Hasken rana ne a gefenta guda."

Na shirya dariya, amma ba ta zo ba.

"Ashe haka fuskarta take," ta ce. "Tun ina ƙarama muke gaisawa, ban sani ba. Riƙe ni da kyau, maigida."

Na riƙe ta har Zara ta gangara bayan bishiyar dogon yaron maƙwabta.