Kwallin Yaya Aziza

Inna lillahi wa inna ilaihi raji'un. Ranar Talata, 11 ga Nuwamba, 2025, Allah Ya karɓi ran Dakta Aziza Maharazu Kura, yayar mijina Suhaibu, bayan gajeruwar jinya.

Yaya Aziza, ke ce kika ga arziki a buntun shinkafar da masu injin casa suke tarawa tsibi-tsibi a bayan gari. Kina kai shi jami'a, ki ƙona shi a murhun da iska ba ta shiga, ya koma baƙin gari mai laushi. Kin ce min kowace ƙwaya cike take da ramukan da ido ba ya gani, a nan wutar lantarki za ta kwanta har a neme ta. Ni da nake cinye littafi a yini guda, ban taɓa karanta labarin da ya sa zuciyata tsalle irin wannan ba.

Ina tuna ranar da kika manta 'yar kwalbar garin a ɗakin Iya, mahaifiyarku. Ta juye shi a tandu, ta rambaɗa a ido, ta fito tana faɗa: "Aziza, a ina kika sayo wannan kwallin marar auki?" Kika ruga da buta kina wanke mata ido, kina dariya har da hawaye. "Iya, aikin wata guda kika shafa a fuska!" Tun ranar gidan nan bai ƙara kiransa da wani suna ba.

Kin san fitilata kan mutu daidai inda labari ya yi daɗi. Kika yi min alkawarin wata mai batirin buntu, wadda rana za ta cika. Kika kwanta ciwo ba a gama haɗa ta ba. Bayan jana'iza Iya ta ce shi ke nan, an binne kwallin tare da mai shi. Na kasa musa mata.

Jiya ɗalibarki Khaulat ta zo gaisuwa da 'yar fitila a jaka. Ta ce ta ƙarasa haɗin yadda kika koya mata, amma ba ta yarda ta gwada ba sai a ɗakin Iya. Muka saki labule. Na danna maɓallin.

Ta kama, Yaya! Haske fari tas, har kan jeren kwanukan Iya. Buntun Kura ne yake haska ɗakin. Suhaibu ya yi kabbara, ni kuwa na rasa kuka zan yi ko guɗa. Iya ta daɗe tana kallo, sannan ta share ido ta ce, "Dama na faɗa muku kwalli ne. Ga shi ya gyara mana gani."

Allah Ya jiƙanki, Ya haskaka kabarinki fiye da yadda kika haska mana, Ya sa aikin nan ya zame miki sadaka mai gudana. Ina miƙa ta'aziyyata ga Iya, da Suhaibu, da ɗalibanki. Allah Ya ba mu haƙuri.

Ƙanwarki,
Raliya