Ƙauyen da Ya Riƙe Mana Bashir

Kaduna

Ana kiran assalatu na bar gidanmu na Unguwar Kanawa. Inna idonta biyu, don tun da ciwon ƙafa ya kwantar da ita barci ya ƙaurace mata. Ta riƙe hannuna ta ce ban da faɗa, in lallaso mata Bashir kawai ta gan shi. Bashir autanmu ne, ya shekara shida a Ingila, kullum zancen ɗaya, sai baɗi. Na hau jirgin ƙasa a Rigasa zuwa Abuja, daga can muka tashi.

Landan

Jami'in shige da fice ya tambayi abin da ya kawo ni, na ce ziyara. Da zan faɗi gaskiya, biko na zo. Na sake hawa jirgin ƙasa, sannan wata bas da ta yi ta ratsa gonaki da garken tumaki. Direbar, mace ce, ta ce in kula, sau biyu kacal suke shiga ƙauyen a rana.

Ƙauyen

Gidajen dutse ne da ba su fi na layinmu yawa ba, sai coci da makabarta a jikinsa. Aikin Bashir kula da tsofaffi, gida-gida. Na tarar ana bikin kaka, an jera tebura a fili, kowa ya kawo kabewa ko albasar da ya noma ana gasa. Ko'ina sunansa ake kira. Ashe har kiwon zuma yake yi, zumarsa ce ma ta zo ta ɗaya, yaron da ko tsintsiya bai taɓa ɗauka a gidanmu ba.

Wani tsoho, Harold, ya zaunar da ni ya ba ni tarihin garin. Kakansa ne ya riƙe injin niƙan bakin rafi. Makarantar da ya yi an rufe ta don babu yara, shagon garin masu kuɗin birni sun mai da shi gidan hutu, ɗansa guda yana Ostireliya. Yana magana Bashir na durƙushe yana ɗaure masa takalmi. Ya ce ba don ƙanena ba, da tuni an fitar da shi daga gidan da aka haife shi. Na yi murmushi, amma raina ya ɓaci. Nasu sun gudu, sun ari namu.

Washegari na isar wa Bashir da saƙon Inna. Ya sunkuyar da kai.

"Yaya, takarduna a kan aikin nan suke. Kuma in na tafi, wa zai tashi Harold da safe?"

"Inna fa, wa ke tashinta?"

"Ai kina nan."

Na yi alkawarin ban da faɗa, sai na haɗiye. A bakin bas ya miƙo mini kwalbar zumar, wai a kai mata.

Gida

Bayan la'asar na yi sallama. Inna ba ni ta duba ba, ƙofar bayana ta zuba wa ido. Na ajiye kwalbar, na ce wani tsoho mara kowa yake jinya. Ta ce Allah ya ba shi lada, ta juya fuskarta bango.

Na gode wa Allah da ya dawo da ni lafiya. Na gode wa Maman Hafsat maƙwabciyarmu, wadda ta yi ta tashin Inna kowace safiya da ba na nan. Zumar na nan kan taga, Inna ta hana a buɗe, wai sai mai ita ya zo.