Wanda Ya Miƙa Aiki a Madadina

Wallahi abin nan ni ya faru da ni, ba ji na yi ba, shekarun baya lokacin ina aikin jinya a wata ƙaramar likita, wato asibitin karkara, wajen Urafane. Ƙa'idar aikinmu, mai tashi ba ya tafiya sai ya zagaya da mai karɓarsa gado-gado, ya gaya masa wa ya sha magani, wa ya rage. Ni kuwa, Allah ya yafe mini, daga bakin ƙofa nake yin nawa, ƙafa ɗaya bisa moto, babur ɗina.

Ran nan da kaka, zazzaɓi ya cika mana ɗaki, ana gab da azahar aka kira ni a waya wai shanu sun faɗa gonata ta wake. Madam Rabi da za ta karɓe ni ba ta iso ba, na rataye farar rigata a ƙusa na tafi ban gaya wa kowa ba.

Ina tsakiyar gona ina zagin makiyayi sai na tuna. Akwai wata yarinya a gadon bakin taga, na riga na yi mata allurarta mai ƙarfi kafin lokaci don in huta, ban rubuta ba, ban faɗa ba. In Madam ta ƙara mata wata, ni na kashe ta. Waya ba rezo, kira ba ya shiga. Yadda na tuƙo moton nan cikin rairayi, Allah kaɗai ya sani.

Na faɗa ɗakin ina haki, na ce, "Madam, yarinyar taga, kar ki..."

Ta dube ni ta ce, "Ƙanena, rana ce ta buge ka? Ba kai ka ce mini kar in ƙara mata ba? Yau har na ce ashe ka iya aiki, gado-gado ka bi da ni."

Uwar yarinyar ta ce ƙwarai, wai har goshin 'yar tata na taɓa. Na waiwaya ƙusa, ga rigata nan a rataye. Na kai hannu, jiƙe take da zufa, da ɗuminta, kamar yanzu aka tuɓe.

Da ƙyar na ce, "Me kuma na ce?"

Madam ta ce, "Na dai yi maka sallama ba ka amsa ba. Da za ka fita ka tsaya a ƙofa, ba ka juyo ba, ka ce wannan karon kawai. Wane karon?"

Yarinya ta warke, rigar kuwa ban sake sa ta ba.

Ku masu aiki da ran mutane, ku miƙa aiki da bakinku kafin ku tafi. Ni har gobe in ina bayanin mara lafiya abokin aiki ya ce "ai ka faɗa mini ɗazu", sai na tsaya na tambaye shi a ina, kuma da wace riga.