Kawu Tanko Mai Jinin Jama'a

Duk wanda ya san Kawu Tanko, ƙanen mahaifiyata, ya san gaisuwarsa. Kafin ina kwana sai ya ja fatar idonka ƙasa ya leƙa: "Kai, fari fat! Je ka ci zogale."

Birkila ne, ya zo Abuja lokacin da gwamnati ke kwaso komatsanta daga Legas. Wata rana gini ya rufta wa wani lebura, aka kwashi ma'aikata zuwa asibiti neman jini. Nan nas ta gaya masa cewa irin nasa ba shi da yawa: yana shiga jikin kowa, amma ranar da shi ya buƙata, sai na irinsa kaɗai. Mu muka tsorata, shi kuwa murna har kunne.

Daga ranar jinin ya tashi daga nasa. Taba ma ya bar ta. Wani kwandasta ya taɓa zabga masa mari a Masaka, muna jiran dambe, sai Kawu ya harɗe hannu: "Ka ci sa'a, yaro. Jinin nan na jama'a ne, ba zan zubar da shi a kanka ba."

In zazzaɓi ya kama shi, ya je asibiti ba da jini aka ce ya koma sai ya warke, sauro ne ke shan zagi: "Ɓarayi! Ku ko gwaji ba kwa yi!"

Da suka ce shekarunsa sun wuce na bayarwa, ya rina gemu baƙi ƙirin ya koma.

"Baba, ba jiya na sallame ka ba?" in ji nas.

"Yayana kika gani."

Sai ga ranar da muke tsoro. Gyambon ciki ya fashe masa, jini ya ƙare. Aka gwada mu dangi kaf, ba wanda ya dace. Wallahi na fid da rai. Amma kafin azahar labari ya bazu, na fito na ga layi har bakin titi: leburori, masu talla, 'yan coci, 'yan masallaci. Ana gwadawa ana sallama, har aka zo kan wata manomiyar doya daga Kwali, Mama Saratu.

"Oga likita, ka ɗauka nawa," ta ce. "Lokacin haihuwa na, jinin baban nan ne ya tashe ni. Iri ɗaya ne."

Iri ɗaya ne kuwa. Da Kawu ya farfaɗo aka nuna masa ita, ya daɗe yana kallonta.

"Ja idonki in gani."

Ta ja.

"Fari fat! A ba ta zogale."

Ya ƙara shekaru yana leƙa mana ido kafin Allah Ya karɓi abinSa. Allah, bawanKa bai taɓa tambayar sunan wanda zai ba jini ba. Ka jiƙan shi, Ka sa ya huta.